Harafin A Ba Ya Cika Cikin Ɗalibi

A 2017 Faransa ta amince da tsarin Nutri-Score, inda ake buga wa abincin leda da na gwangwani harafi, daga A mai launin kore zuwa E mai ruwan lemo. Sukari, gishiri da kitse suna jan makin ƙasa, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa suna ɗaga shi. Kan gram 100 ake lissafin, ba ruwansa da yawan abin da ka loda a faranti. Kamfanoni ma ba a tilasta musu bugawa ba.

Tsarin yana da amfani, ban musa ba. Amma ɗalibin jami'ar da kuɗin haya ya ƙwaƙule wa aljihu, farashi yake fara dubawa a kanti, harafi sai in canji ya ragu. Shi ya sa a ganina matakin 2020, lokacin korona, na sayar wa ɗalibai masu tallafin karatu abinci kan yuro 1 a ɗakunan cin abinci na jami'o'i, ya fi taɓa inda ciwon yake. Ɗaliban da suka riƙa yin layin karɓar abincin agaji a Paris a 2021 sun san bambancin A da E sarai.