Quinn Ba Matsoraci Ba Ne

Daren Asabar ɗin da ta wuce ban yi barci da daɗin rai ba, kuma wani fim da ya haura shekara ashirin da fitowa ne sanadi. A shagon wani abokina mai gyaran waya muka zauna bayan sallar isha'i, mu wajen tara, ƙannensa da yaran shago suka jingina kwamfuta a kan benci suka sa Reign of Fire. Na gan shi ya fi a ƙirga, amma na zauna. Ana gamawa, wani matashi da ke kusa da ni ya miƙe yana karkaɗe wando ya ce, "Yaya, wannan ai ba fim ba ne. Aktan ma matsoraci ne, sai ɓuya a rami kamar gafiya. Mai sanƙon nan shi ne namiji." Sauran suka ce wallahi haka ne. Ɗaya ya ƙara da cewa an cuce su, dodanni ba su fito sosai ba, wuta ta yi kaɗan.

Na haɗiye maganata a wurin don kada a ce na tsaya cacar baki da ƙannena. A nan zan amayar da ita, domin ba yaran shagon kaɗai ke wannan hukunci ba. Tun da fim ɗin ya fito a watan Yulin 2002 ake rera wannan waƙa, a Amurka da Ingila da ko'ina, kuma na gaji da jin ta.

Ga wanda bai gan shi ba, labarin gajere ne. Ana haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin birnin Landan, sai ma'aikata suka fasa wani kogo suka tashi dodo mai fukafukai, mai aman wuta, wanda ya daɗe yana barci. Yaro ɗan shekara 12 mai suna Quinn, wanda ya je wurin mahaifiyarsa a bakin aiki, shi ya fara haɗa ido da shi. Uwar ta mutu a gabansa, shi ya tsira. Dodanni suka hayayyafa suka ƙone duniya, gwamnatoci suka jefa musu makaman nukiliya suka ƙara lalata abin da ya rage. Sai fim ɗin ya tsallaka zuwa shekarar 2020. Quinn, wanda Christian Bale ya fito a matsayinsa, ya girma yana riƙe da ragowar mutane a wani tsohon gidan ganuwa a Northumberland, arewacin Ingila. Ana nan sai ga ayarin Amurkawa da tankar yaƙi da jirgi mai saukar ungulu, ƙarƙashin Denton Van Zan, wato Matthew McConaughey da aski tal da gemu da guntun sigari a baki, yana cewa shi farautar dodanni yake yi.

Zan fara da inda masu ƙorafi suke da gaskiya, don kada a ce na rufe ido. Hoton tallar fim ɗin yaudara ce. An zana Landan tana ci da wuta, dodanni sun cika sama suna gwabzawa da jiragen yaƙi, alhali babu wannan yaƙin a cikin fim. Faɗuwar duniya gaba ɗaya an taƙaita ta cikin 'yan mintuna da hotunan jaridu da muryar mai ba da labari. Wanda ya sayi tikiti saboda wancan hoton yana da hakkin ya ji haushi, kuma masu tallar ne suka ci amanarsa. Haka nan zancen cewa namijin dodo ɗaya tak ne a duniya, in an kashe shi an kashe iri, ɗinki ne mai rauni. Ban taɓa samun gamsasshiyar amsa kan inda Van Zan yake samo man jirginsa ba. Shahararren mai sharhin finafinai Roger Ebert tauraro ɗaya ya ba shi, kuɗin da ya shigo kuma, kimanin dala miliyan 82 a kan wajen miliyan 60 da aka kashe, bai faranta wa masu shi rai ba. Duk na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba, abin da ke tafasa mini jini, shi ne a kalli wannan fim daga farko har ƙarshe a fito ana kiran Quinn matsoraci.

A koma wurin tumatir. Wannan wurin ne zuciyar fim ɗin, kuma a daidai nan na ga yaran shago sun sunkuya kan wayoyinsu. Mutanen ganuwa suna cikin yunwa. Suna da 'yar gonar tumatir nesa da mafakarsu, amfanin bai nuna ba tukuna. Wani magidanci mai suna Eddie ya ce shi ba zai zuba ido 'ya'yansa su rame ba, a je a tsinko. Quinn ya hana, ya ce in aka tsinke ɗanye ba za a sami irin da zai tsiro baɗi ba. Eddie ya faki ido ya ɗauki mota ya fita da iyalinsa da wasu. Dodo ya hango su, ya cinna wa gonar wuta. Wa ya fita? Quinn ɗin nan da ake kira gafiya, shi da amininsa Creedy, cikin tsofaffin motocin kashe gobara, suka kutsa cikin wutar suka kwaso mutanen da suka saɓa masa. Duk da haka an rasa rai, an rasa gona.

Duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san wannan gardama. Ya san damin da ake ratayewa a can saman rumbu, wanda ko yunwa ta kai inda ta kai ba a taɓa shi, domin shi ne iri. Ya san idon uba idan damina ta yi nisa, hatsi ya ƙare, yara suna kallon damin nan, shi kuma dole ya ce a'a. Ba a yi wa mai cewa a'a tafi. Ana jin haushinsa, ana zaginsa a bayan ido, amma da a'a ɗinsa ake shuka baɗi. A yau ma akwai ƙauyukan Zamfara da Katsina inda zuwa gona ya zama sayar da rai, inda magidanci ke auna yunwar gida da abin da ke jiransa a daji kafin ya saɓa fartanya. A ce ɗan wannan ƙasa ya kalli wurin tumatir ya ce "a wuce wurin nan, ba faɗa", wannan ya ba ni kunya ƙwarai.

Daraktan fim ɗin, Rob Bowman, ya ɗauki lokaci yana nuna yadda ake rayuwa bayan wuta ta wuce, kuma abin da masu kallo suka kasa yafe masa ke nan. Ya nuna mai tsaro a kan hasumiya, da shahon da ke firgita idan dodo ya kusato, da ƙararrawa, da ramin da ake gudu a shige. Ya nuna yara a durƙushe kafin barci suna maimaita wata karatuwa kamar addu'a, wadda ba komai ba ce illa dokokin tsira: a riƙa duban sama, in an ga dodo a gudu kada a waiwaya. Sannan ga wurin da na fi so a duk fim ɗin. Babu talabijin, sai Quinn da Creedy suka tara yara a hasken kyandir, suka ɗauki takubban katako suna kwaikwayon faɗan Luke Skywalker da Darth Vader na Star Wars. Yaran suka buɗe baki, suka zabura lokacin da asirin uba da ɗa ya tonu, domin ba su taɓa jin labarin ba. Fim ya koma tatsuniya, irin wadda kaka ke yi a tsakar gida. Mutumin da ya ga an kashe uwarsa, wanda nauyin ciyar da jama'a ke wuyansa, ya ajiye gajiyarsa yana tsalle da sanda don yara su yi dariya kafin su kwanta da ciki rabi. Wannan ne matsoracin?

Yanzu a duba "namijin". Ba na musun cewa McConaughey ya yi wasa. Ya cika allo, idanunsa kamar na mai taɓin hankali, kuma tsallen da ya yi da gatari daga saman hasumiya zuwa bakin dodo ya zama abin da kowa ke tunawa. Amma a lissafa abin da Van Zan ya jawo. Ya zo baƙo, aka buɗe masa ƙofa bisa shakka. Ya nemi mutane su bi shi Landan, da waɗanda suka yarda ba su ishe shi ba sai ya kwashi ƙarfafan maza da ƙarfin tsiya. Quinn ya gargaɗe shi cewa zai tsokano namijin dodon ya biyo sawu har gida. Ya amsa masa da duka a gaban jama'arsa. Suka tafi. Kafin su kai Landan dodon ya ƙone ayarin, sannan ya bi sawun tayoyinsu har ganuwa, kamar yadda aka faɗa. Ya kashe mafi yawan mutanen da Quinn ya shafe shekaru yana tattalawa. Creedy, wanda Gerard Butler ya fito a matsayinsa, a nan ya ƙone yana ƙoƙarin ceton wasu. Waɗanda suka rayu, yaran nan ne da Quinn ya tura cikin ramin da ake yi masa gori a kai.

Abin takaicin shi ne Van Zan da kansa ya fi masoyansa hankali. Ranar da suka kashe dodo ɗaya kusa da ganuwa, mutane suka yi shagali, shi ne ya shigo ya tsawatar musu, domin ya rasa mutum uku a wannan farautar. Mayaƙansa masu dirowa daga jirgi da raga, fim ɗin ya gaya mana daƙiƙa 17 ce tsawon ransu da zarar sun yi tsalle. Bayan ɓarnar ganuwa kuma ya dawo kansa a sunkuye ya amsa cewa Quinn ne ke da gaskiya. Mutumin da ke cikin labarin ya yi nadama, amma mai kallo a kan benci yana ta yi masa kirari. Wane irin kallo ne wannan?

Za a ce mini ai a ƙarshe shawarar Van Zan aka bi, an je Landan an kashe namijin. Haka ne, kuma ban ce ɓuya kaɗai za ta ƙare dodanni ba. Ya zo da ilmin da Quinn ba shi da shi: cewa namiji ɗaya ne, cewa idonsu na raunana da almuru. Amma a duba yadda aka je karo na biyu. Mutum uku kacal, Quinn da Van Zan da matuƙiyar jirgi Alex, ba tanka, ba ayari mai tayar da ƙura. Quinn ne ya san hanyar, domin ramin da uwarsa ta mutu a ciki suka bi. Ya wuce ta gefen wurin da ya bar gawarta yana yaro. Da tsallen gatari ya ƙare a cikin dodo ba tare da ya kashe shi ba, Quinn ne ya tsaya cak a gabansa, ya jira har ya buɗe baki zai yi aman wuta, ya sakar masa kibiya mai nakiya a maƙogwaro. Tsallen da ake yi wa ihu bai yi wa dodon ko ƙwarzane ba. Haƙurin da ake zagi shi ya kashe shi.

Na san daga ina wannan makantar ta fito. An raine mu da finafinan da akta ke shiga gari shi kaɗai ya karkashe mutum ɗari, ba a taɓa nuna mana wanda zai binne su ko wanda zai ciyar da marayunsu ba. Har muka saba auna fim da yawan abin da ya fashe. Masu cewa dodanni sun yi kaɗan su sake dubawa: ƙarancin nan ne ya sa duk fitowarsu take tsinka zuciya. Fukafukai yagaggu, haƙarƙari a waje don su ma yunwa ke cin su har suna cin junansu, wutar kuma ruwa biyu ne ke fita daga gefen baki su haɗu su kama. An ɗauki fim ɗin a tsaunukan Wicklow na ƙasar Ayilan, komai toka-toka da laka, kuma bayan shekara ashirin dodannin nan ba su tsufa a ido ba. Da an ba masu kallo abin da suka nema, dodo ɗari da jirgi ɗari na minti casa'in, da tuni an manta da shi kamar ire-irensa.

Wani abin da ke ƙara mini haushi shi ne sabbin masoyansa. Da Bale ya zama Batman a 2005, Butler ya yi suna da fim ɗin 300, McConaughey ya ɗauki Oscar a 2014, sai aka dawo ana cewa ashe fim ɗin yana da kyau, dubi taurarin da ke ciki. Suna suke yabo. Ka tambaye su me ya burge su, su ce tsallen gatari. Shekara ashirin, daga zagi an koma yabo, amma har yau ba a ga gonar tumatir ba.

Matashin nan na shago ba mugun yaro ba ne. Na san gidansu. Na san mahaifinsa ya shekara talatin yana fita da asuba a kan tsohon keke, bai taɓa ɗaga wa kowa murya a unguwa ba, ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, ya sa maza a makaranta, kuma babu wanda ya taɓa yi masa kirari. Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan da na ji ɗansa yana kiran Quinn gafiya. Asabar mai zuwa zan koma shagon. Zan ce a mayar da fim ɗin wurin da Eddie ke neman makullin mota Quinn yana hana shi, a ajiye wayoyi, sannan in tambaye shi a gaban kowa: kai ƙanena, da kai ke riƙe da makullin nan, yara suna kuka, za ka miƙa?