Gini ba wuya, kula ce aiki

Mai karatu, ka taɓa jin labarin ruwan birnin Rum? Birnin yana ƙasar Italiya. Mutanensa na da, Rumawa, sun gina hanyoyin ruwa da dutsi, daga tsaunuka har cikin gari. Sun gina ta farko a shekara 312 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya sun kai 11. Wata tsawonta ya fi kilometir 90.

Ba inji, ba lantarki. Dabararsu guda ce: ruwa gangare yake bi. Sai su auna ƙasa, su ba hanyar gangare kaɗan-kaɗan. In sun tarar da tudu, su huda shi. In kwari ne, su yi gada. Wadda suka gina a Nim, kudancin Faransa, kilometir 50 ce, amma gangarenta duka bai kai metir 13 ba.

Kowa ginin yake yabo. Ni kuwa a ganina, kula da shi ita ce babbar gwaninta. A shekara 97 bayan haihuwar Annabi Isa, an naɗa wani mutum, Furontinus, shugaban ruwan Rum. Ya bi hanyoyin, ya auna ruwan, ya tarar wasu suna huda su a ɓoye, suna jan ruwa zuwa gidajensu da gonakinsu. Ya rubuta komai cikin littafi. Ma'aikata wajen 700 ke gyara, suna yasa, suna toshe tsaga. Bayi ne, ba a rubuta tarihinsu ba, amma da guminsu birnin ya sha ruwa.

To, dubi ta Nim. Ruwanta yana barin farar ƙasa jikin bango. Da aka daina kankarewa, sai hanyar ta yi ta tsukewa, ruwa ya ragu, har ya tsaya. Gadarta tana nan tsaye har yau, amma ba ta kai wa kowa ruwa.

Kai ma ka san fanfon da aka yi bikin buɗewa, bayan ɗan lokaci ya mutu don rashin ƙarfe guda. Mata suka koma tabki, ciwon ciki ya dawo wa yara. Ranar da za a gina rijiya ko fanfo a garinku, tashi ka yi tambaya: wa zai gyara? Ina asusun gyara? Wa zai riƙe littafin kuɗi? Yanzu ka iya rubutu, kana iya riƙe shi.