Laifin Hamlet jinkiri ne ko gaggawa?

Sama da shekara 400 ke nan da William Shakespeare ya rubuta wasan Hamlet, wajajen 1600, kuma har yau masharhanta ba su daidaita kan tambaya ɗaya ba: me ya hana yariman Denmak kashe baffansa Claudius tun da wuri?

Fatalwar mahaifinsa ce ta shaida masa cewa baffan ne ya kashe shi da guba, ya haye karaga, ya kuma aure mahaifiyarsa. Ta nemi ya ɗaukar mata fansa. Shi kuwa Hamlet ya yi ta jan ƙafa har ƙarshen wasan.

Kowane zamani da irin amsarsa. Voltaire na Faransa ya ga wasan ya cika ɗanyen aiki da dabbanci. Samuel Johnson, a 1765, abin da ya girgiza shi shi ne wurin da Hamlet ya tarar da baffansa yana addu'a, ya fasa kashe shi don kada ya mutu cikin tuba ya samu rahama.

Daga nan sai aka koma tausaya masa. Goethe na Jamus ya ɗauke shi a matsayin saurayi mai taushin zuciya da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Coleridge ya ce yawan tunani ne ya ɗaure masa hannu, har ya ce yana jin ƙanshin Hamlet a jikinsa shi ma. Wannan furuci ya tona asirin sana'ar: galibin masharhantan kansu suke gani a cikin yariman.

Freud da almajirinsa Ernest Jones sun ce wata ɓoyayyiyar sha'awar mahaifiyarsa ce ta hana shi, fassarar da ta yi tasiri a fim ɗin Laurence Olivier na 1948. T.S. Eliot kuwa a 1919 cewa ya yi wasan bai yi nasara ba. Jan Kott, wanda ya rayu ƙarƙashin mulkin gurguzu a Poland, fadar da kowa ke leƙen asirin kowa ya gani.

Yawancinsu sun ɗauka tun farko cewa kisan wajibi ne, jinkirin kuma cuta. Nan ne suka yi tuntuɓe.

Shaidar Hamlet ɗaya ce tak, kuma fatalwa ce. Shi da kansa yana tsoron ko shaiɗan ne ya zo masa da kamannin mahaifinsa, shi ya sa ya shirya wasan kwaikwayo a fada don ya ga yadda fuskar baffan za ta canza. Mutumin da ya nemi hujja kafin ya zubar da jini ba marar lafiya ba ne.

Ranar da ya yi gaggawa kuwa, ya soki mutum ta bayan labule ba tare da ya ga fuskarsa ba, ashe Polonius ne. Wannan sukan ne ya haukata Ophelia, ya kuma mayar da yayanta Laertes mai neman tasa fansar.

Abin sha'awa, dattawan Tibi a Najeriya sun fi kusa da wannan karatu. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Laura Bohannan, ta ba su labarin, ta kuma wallafa yadda aka kwashe a 1966. Ba su ga laifin auren matar ɗan'uwa da ya rasu ba, ba su kuma yarda matattu na yawo ba. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne yaro ya ɗaga hannu a kan baffansa. A wurinsu, sa'o'in mahaifinsa ya kamata ya kai wa ƙara.

A fadar Elsinore babu wanda za a kai wa ƙara, domin wanda ake tuhuma shi ne sarki. Kafin a rufe labule mutum 8 sun mutu, har da Hamlet da mahaifiyarsa, sarautar Denmak kuma ta faɗa hannun Fortinbras na Norway, wanda ya iso ya tarar da gawarwaki a ƙasa.