Mada: Noman da babu ƙasa zai iya jure ɗauke wuta da zafin bazara?

Tun da 'yan bindiga suka fara sanya wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi a yankin Mada da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, gonar da ke nesa da gari ta zama abin tsoro. Wannan ne ya sa noman da ake yi a tsakar gida ba tare da ƙasa ba, wato haidrofonik, ya cancanci a duba shi da idon basira. Ba zai maye gurbin gero da dawa ba, amma latas da tumatir da tattasai suna yi a cikinsa, kuma da ruwa kaɗan.

Sai dai irin wanda aka fi gani a bidiyoyin Facebook, mai fararen bututu a jere, rayuwarsa ta rataya ne a kan injin tura ruwa. Injin ke ɗebo ruwan da aka narka taki a ciki daga tanki, ya bi ta ƙarƙashin saiwoyin, ya koma. Ruwan siriri ne, babu ƙasar da za ta riƙe laima. Injin na tsayawa da tsakar rana, cikin 'yan sa'o'i ganye ya yi yaushi, aikin wata guda ya tafi.

To, wa zai ba da tabbacin wuta a Zamfara? A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Janareta ma ba abin dogaro ba ne. Fetur ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a Mayun 2023, kuma mutanen jihar ba su manta da 2021 ba, lokacin da gwamnati ta hana sayar da shi a jarka saboda tsaro. Saura sola da batir, su ma ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi idan ba a goge faifan.

Ɓarnar da ta fi wuyar ganewa ta zafi ce, domin ba ta yin ƙara. A Maris da Afrilu zafin Gusau da kewaye yakan kai digiri 40. Saiwa tana numfashi, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar oksijin sosai: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 9, a digiri 35 ya sauko wajen 7, alhali a lokacin ne shukar ta fi buƙata. Daga nan cutar ruɓewar saiwa ke samun ƙofa. Farar saiwa ta koma ruwan ƙasa, ta yi yauƙi, ta fara wari. Tun da ruwa ɗaya ke zagaya duk bututun, cutar shuka guda ta zama ta kowa. Baƙin tankin roba da aka ajiye a rana yakan jawo wannan.

Maganin bai wuce abin da uwar gida ta sani game da randa ba. A binne tankin a ƙasa, a yi masa rumfa, a shafa wa bututu farin fenti. Tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, har ta ba shi kyautar Rolex a 2000, da tururin ruwa take sanyaya kaya ba da lantarki ba.

Mai son farawa a Mada gara ya zaɓi tsarin da zai yafe masa kuskure. Bokiti ko buhu cike da buntun shinkafa da aka babbake, ana ɗiga masa ruwan taki, yana riƙe laima ko injin ya tsaya yini guda. Ga latas kuma akwai hanyar Kratky, da wani masani a Jami'ar Hawaii ya fito da ita, wadda ba ta buƙatar inji sam. Wanda ya nace sai bututu, ya tanadi injin canji, ya ɗora wani tanki a sama da zai gangaro da ruwa da kansa, ya kuma sayi ma'aunin tsamin ruwa. Ruwan burtsatse yakan zo da gishirin ƙasa, kuma idan ma'aunin ya fita daga 5.5 zuwa 6.5, taki na nan a tanki amma ganye zai yi ta yin rawaya.