Yamai ko Kano: ina za a kai yaron da ya ci bak?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito, akwai gardamar da ke tashi a zaurukan Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. Bana ta iske ni ina zaune. Wani alhaji da muke mutunci da shi, mai sayar da kayan masarufi a babbar kasuwar Maraɗi, ɗansa ya ci bak, kuma an yanke cewa ilimin kasuwanci zai karanta. Alhaji ya ce Kano, Jami'ar Bayero. Ƙanensa, ma'aikacin baitulmali da ya kusa ajiye aiki, ya ce Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni. Yaron kuwa yana gefen tabarma yana zuba shayi. Alhaji ya dube ni ya ce: "Malam, kai da ka yi lakkol, raba mu."

Hujjar alhaji ba ta banza ba ce. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, alhali Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ba ta kai rabin haka ba. Arzikin gidansa daga can yake fitowa: Kantin Kwari, kasuwar Singa, Dawanau. A ganinsa, yaran da ɗansa zai zauna aji ɗaya da su, su ne dillalai da manajojin bankin gobe, kuma abokin makaranta ya fi abokin da aka haɗu da shi a tasha riƙon amana. Ga Ingilishi, wanda da shi ake ciniki a Dubai da Sin. Ga kuma lissafin aljihu: tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 darajarta ta faɗi ƙwarai, sefa kuwa tana ɗaure da yuro a kan kusan tamma 656, don haka jikka goma ta Maraɗi takan yi auki a Kano. Har maganar layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, sai da ya kawo.

Ƙanen bai musanta ko ɗaya ba. Tambaya guda ya yi: littafin kuɗin wa yaron zai riƙe in ya gama? A nan maganar take, kuma a nan iyaye da yawa ke tuntuɓe. Lissafin kamfani ba kamar likitanci ba ne da ciwo ɗaya yake a kowace ƙasa. Nijar tana cikin yarjejeniyar OHADA da aka sa wa hannu a 1993, wadda ta haɗa ƙasashe 17 a kan dokar kasuwanci guda da tsarin lissafi guda, SYSCOHADA. Najeriya ba ta ciki; dokar kamfanoninta dabam, tsarin lissafinta dabam, harajinta dabam. Wanda ya yi shekara huɗu a Kano zai dawo ya san tattalin arziki sarai, amma ranar da ma'aikatar haraji ta nemi bayanin ƙarshen shekara na kantin ubansa, sai an ɗauko wani kwantabul an biya shi. In kuma aikin gwamnati yake so, sai ya kai takardarsa an tantance daidaitonta da tamu kafin ya shiga konkur, kuma har yanzu da Faransanci ake rubuta konkur ɗin. Gaskiya ne dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, amma takardun ofisoshi ba su juye dare ɗaya ba.

Akwai kuma lissafin shekaru. Lisans a Yamai shekara 3 ce a tsarin LMD. Digirin farko a Najeriya shekara 4 ne, kuma yaron da Ingilishinsa na lise ne sai ya ɓata watanni yana gyara harshe kafin ya iya bin darasi. Hausar da za ta fisshe shi a Kurmi ba za ta rubuta masa jarrabawa ba.

Da aka zo kan yajin aiki, kowa ya so ya jefi ɗan uwansa, sai na ce su bari, don ba mai tsarkin hannu. Mu nan mun san shekarun karatu da aka soke a shekarun 1990, mun san jinkirin burs da cunkoson ɗakunan kwana. Can kuma malaman jami'o'in tarayya sun rufe azuzuwa wata 8 cur a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abin da Kano ta ɗara da shi a haɗari shi ne iyaka. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Alhaji da kansa ya san motoci nawa suka kwana masa a hanya a lokacin. Kaya sun iya jira; zangon karatu ba ya jira.

Bari in ɗan ratse. Iyaye kan haɗa tattalin arziki da sarrafa kamfani su kira su abu guda. Na farko lissafi ne mai zurfi da ƙididdiga da nazarin kuɗin ƙasa, yana kai mutum ma'aikatar kuɗi ko babban banki. Na biyu shi ne riƙon littafi, tsara sayarwa, kula da sito da ma'aikata. Ɗan kasuwar da ya tura ɗansa na farko yana jiran na biyu zai ga kamar an cuce shi. Kuma kada a manta da Tawa, inda jami'ar da aka kafa a 2010 take da sashen shari'a da tattalin arziki da sarrafa kamfani, kusa da gida.

Ra'ayina, da na faɗa musu ba tare da kwana ba, shi ne: in kantin Maraɗi yaron zai gada, ya yi lisans a Yamai, kowane babban hutu kuma a aika shi Kano wurin maigidan alhaji, ya koyi Ingilishi da safe, ya tsaya rumfa da yamma. In daga baya yana son mastar a can, ƙofa a buɗe take, kuma zai shiga da ƙafarsa biyu. Kano tun farko ta dace ne da wanda aka shirya zai zauna can ya zama idon gida.

Sai a lokacin ƙanen ya juya ga yaron ya ce: "Kai fa, ɗana, me ka gani?" Yaron ya ajiye buta, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba kanti yake so ba, babban bankin BCEAO yake hange, kuma tun yana aji na ƙarshe ya faɗa wa mahaifiyarsa. Alhaji ya yi shiru har shayin ya huce. Daga nan ya tambayi ƙanensa ranar da ake rufe rajista a Yamai, da kuma ko har yanzu ɗakin nan na gidansa da ke unguwar Bukoki ba kowa a ciki.