Kabad ɗin uwar wiwi: darasi ga masu rubuta doka

A ranar 1 ga Afrilu, 2024, dokar da ta halatta wa duk mai shekara 18 zuwa sama shuka tabar wiwi a gidansa ta fara aiki a Jamus. Dokar ta ƙayyade shuka uku ga kowane baligi, da giram 25 da zai iya fita da shi waje, da giram 50 da zai iya ajiyewa a gida. Sai dai a ƙasar da sanyi da gajeriyar rana ke cinye kusan rabin shekara, da yawa daga masu wannan noma ba gona suke nufa ba. Ɗan kabad suke haɗawa a lungun ɗaki, mai fitila da fanka da ƙofa mai mukulli, wani ma bai kai girman firji ba. A ciki wasunsu ke renon abin da suke kira uwar shuka. Wannan ɗan kabad ya cancanci nazarin duk ma'aikaci ko hadimin da wata rana za a miƙa wa daftarin ƙudirin wiwi a ce ya duba, domin ya fallasa raunin da ke cikin irin waɗannan dokoki.

Bahaushe bai buƙatar dogon bayani kafin ya gane uwar shuka. Manomin rogo ba ƙwaya yake shukawa ba, kara yake yankawa ya binne, haka ma mai rake. Abin da ya tsiro kwafin na farko ne tsaf, ba ragi ba ƙari. Uwar wiwi ita ce macen shuka da aka zaɓa saboda ƙarfinta, aka hana ta yin fure, ana ta yankar rassanta ana dasawa. Kowane reshe yana gadon halin uwar gaba ɗaya, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwa ɗaya na iya yin watanni, har shekaru, tana ba da rassa. Ke nan idan doka ta ce shuka uku, abin da ke tsaye a ranar da jami'i ya leƙa kawai ta ƙirga. Abin da ya fita ta ƙofa jiya da wanda zai fita gobe ba ya cikin lissafinta.

Masu rubuta dokar Jamus sun hango wannan, suka yi ƙoƙarin toshe shi. Sun haramta wa mai noman gida miƙa wa wani abin da ya girbe, ko da kyauta ne. Sun wajabta masa killace shukar daga yara da baƙi. Sun ba ƙungiyoyin noma masu lasisi, waɗanda mambobinsu ba za su wuce 500 ba, damar raba ƙwayar iri bakwai ko reshen dashe biyar ga mutum a wata. Amma dokar ta ware reshen da bai yi fure ba daga ma'anar wiwi, ta sa shi cikin kayan yaɗa iri. Daga nan gardama ta taso: yaushe reshe ke tashi daga reshe ya zama shuka? Ranar da ya yi saiwa, ko ranar da aka sa shi a tukunya? Ƙasar da ta yi suna wajen tsari da adana bayanai ke nan kalma ɗaya ta jefa cikin muhawara.

Sauran ƙasashen kowacce ta bi tata hanya. Yurugwai, wadda ta riga kowa a 2013, ta yarda da shuka shida a gida, amma ta ce sai mai noman ya yi rajista da hukuma, kuma girbinsa kada ya wuce giram 480 a shekara. Kanada ta halatta a ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta ƙayyade shuka huɗu ga kowane gida, komai yawan manyan da ke cikinsa. Duk da haka lardin Kebek ya ƙi amincewa da noman gida, ya haramta shi baki ɗaya, kuma a 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar masa da wannan iko. Tailan ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a watan Yuni na 2022 ba tare da cikakkiyar dokar da za ta tsara harkar ba, shaguna suka cika titunan Bankok, har a 2025 gwamnati ta dawo ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya san abin da ya kamata ya yi da nasa.

Abin da ya sa batun uwar shuka ya wuce gardamar lissafi shi ne ƙarfin abin da take haifarwa. Ba a zaɓar uwa don kyawun ganyenta, ana zaɓar ta ne don yawan sinadarin THC, wanda shi ke sa maye. A Amurka, gwajin wiwin da jami'ai suka kama ya nuna cewa sinadarin ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 a Turai da Brazil, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Dokar da ta ƙirga tukwane ta manta da ƙarfi ta auna abin da ba shi ne matsalar ba. Jamus kanta ta gane haka, shi ya sa ta hana ƙungiyoyin ba 'yan shekara 18 zuwa 21 wiwin da sinadarinsa ya wuce kashi 10.

Me ya haɗa Nijeriya da kabad ɗin da ke wani ɗaki a Balin? Muhawarar ta riga ta shigo zauren majalisarmu. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya fito fili tun 2019 yana kiran a halatta noman wiwi domin magani da masana'antu. A watan Maris na 2023 Majalisar Wakilai ta tattauna wani ƙudiri da Benjamin Kalu ke cikin masu gabatar da shi, kafin a jingine shi. Hukumar NDLEA a ƙarƙashin Buba Marwa ta tsaya kan adawa da halatta shan ta. Dokar da ke aiki tun zamanin soja, ta 1966, da dokar da ta kafa hukumar a 1989, sun sa noman wiwi ya zama babban laifi, ko a daji ko a ɗaki. A zaman hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Disambar 2020, inda aka cire wiwi daga rukunin mafi tsanani da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ce a'a. Amma ƙudirin da aka jingine bai mutu ba, zai dawo da wani sunan.

Masu goyon bayan sassauci suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da mutum miliyan 10.6, wato haramcin fiye da shekara hamsin bai hana ta yaɗuwa ba. Gonakinta na nan cikin dazukan Ondo da Edo da Osun. Lesoto ta fara ba da lasisin noman magani a 2017, Maroko ta yi tata dokar a 2021. Akwai magungunan farfaɗiya da aka samo daga wannan shuka, waɗanda hukumomin lafiya a Amurka da Turai suka amince da su. Duk gaskiya ne. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji da ke buƙatar a buɗe ƙofar noman gida. Magani yana buƙatar ma'auni da gwaji da lasisi, abubuwan da ake iya bi a gona mai shinge da rajista, ba a bayan ƙofar ɗakin kwana ba.

Akwai kuma bambancin da bai kamata ya kuɓuce mana ba. Bajamushe na iya cewa rashin rana ne ya kai shi ga fitila da kabad. A ƙasar da rana ke fitowa kusan kowace safiya, kabad ba shi da wani amfani sai ɓoyewa. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa, kuma a kan irin wannan 'yanci ne Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta dogara a Satumbar 2018 ta halatta wa baligi noma da sha a keɓe. Duk sakin layin da ya ba da izinin shuka ko da ɗaya ce a gida, ya ɗora wa jami'i aikin ƙirga abin da ke ɓoye a cikin gidan mutum. Hukumar da ke fama da kwantenonin wiwi mai ƙarfi da ake shigowa da su daga Kanada ta tashoshin Legas ba za ta iya bin gida-gida a Kubwa da Nyanya tana leƙa kabad ba.

Don haka ga abin da nake ganin ya dace hadimi ya duba idan daftarin ya iso teburinsa. Da farko, a raba noman masana'antu da na magani daga noman gida, a bayyana ƙarara cewa na ƙarshen bai halatta ba. Na biyu, a sa iyaka kan ƙarfin sinadari, kamar yadda Gana ta tsayar da kashi 0.3 cikin ɗari a dokarta ta 2020, a kuma tanadi ɗakin gwajin da zai auna. Na uku, a fayyace ma'anar iri da reshe da uwar shuka, a sa su duka ƙarƙashin lasisi da rajista, ta yadda za a iya bin sawun kowane reshe zuwa inda ya fito. Na huɗu, a bi ƙa'idar majalisa sau da ƙafa. Kotun Ƙolin Gana ta soke wancan sashe a 2022 saboda ba a bi matakan da suka wajaba ba wajen shigar da shi, sai da majalisa ta sake zama a 2023 ta gyara.

Minista ko ɗan majalisa shi ake gani a talabijin, amma kalmomin da ke zama doka sau da yawa daga alƙalamin wani ma'aikaci suke fitowa, wanda ba a san sunansa ba. Idan ya rubuta "shuka uku" bai tambayi ko ɗaya daga cikinsu uwa ce ba, ya bar gurbin da wasu za su shekara suna wucewa ta ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin yin wannan tambaya shi ne yanzu da ƙudirin ke jingine.