Filin Anti: Kunyar Ɗaukar Buta

Yau ba hirar soyayya na kawo muku ba, kuma na san wasu za su rufe fuska da mayafi, to a daure a karanta.

Ina aji biyu a makarantar kwana na taɓa yin kwana shida ban zaga ba. Ba komai ya jawo ba illa ƙyanƙyamin masai ɗin makarantar, ga layi, ga manyan ɗalibai suna buga ƙofa. Duk sanda ya matso ni sai in daure, in ce sai dare. Da dare kuma tsoro. Tun ina dannewa da gangan har cikin ya daina yi min magana. Na gama makaranta, na yi aure, abin bai sake ni ba. Ƙaruwa ma ya yi, don wace amarya ce za ta so ango ya ga ta ɗauki buta ta daɗe?

Sai da na fara ganin jini sannan na je asibiti, wata nas ta warware min. Ashe aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci, gwargwadon daɗewar bayan gida a ciki, gwargwadon taurinsa. Idan kina zagawa ƙasa da sau 3 a mako, ko sai da nishi yake fitowa kamar kashin awaki, kuma kin kai wata 3 a haka, to ya zama ciwo. Wannan yunƙurin shi ke kawo basir da tsagewar dubura.

Ga kuma cimarmu. Biredi da shayi da safe, taliya da rana, farar shinkafa da dare, ruwa kuwa sai ƙishi ya ci ƙarfinki. Wai mu 'yan boko, mun raina miyar kuka! Alhali ita da kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, wake, gwanda da dabino su ne masu laushin ciki. A ƙara su a hankali, kada a cika lokaci guda ciki ya kumbura, a bi su da ruwa sosai. A motsa jiki kuma, ko da shara ce da tafiyar ƙafa.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne tsayar da lokaci. Bayan karin kumallo hanji ya fi motsi, sai in shiga in tsuguna ba gaggawa. In na zama ne, ki ɗora ƙafa kan 'yar kujera.

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki tana taurara bayan gida, amma kada ki daina sha, ki faɗa a wajen awo. Haka ma kodin da tiramol. Filasko kuwa yana sakin ciki, sai dai ba abin sha kullum ba ne, balle jiƙon kanwa da ake ɗirkawa ba ma'auni.

In kin ga jini, ko rama ba dalili, ko ciwon ciki mai tsanani da amai, ko abin ya zo wa Mama farat ɗaya da girmanta, ba zancen zogale ba ne, a tafi asibiti.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.